Taku Goma Sha Takwas na Gwaggo Hajjo

Birnin Kudu,
22 ga Agusta, 1976.

Zuwa ga Yayana Sada,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zahara'u da yara, ya kuma tsare ku daga zazzaɓin Fatakwal. Mu nan sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai, mai ɗakina Kubra ta warke daga ciwon ƙafar nan har ta koma daka da kanta.

Maganar rikodar da ka aiko don a ɗaukar maka waƙar Baba Maikuɗi, wanda ya yi wa mahaifinmu marigayi kiɗan noma shekara da shekaru, ina yi maka albishir aiki ya yiwu. Amma ba zan ɓoye maka ba, karon farko na ɓata shi. A fuskar rikodar akwai ɗan gilashi mai allura da ke motsi gwargwadon ƙarfin sauti. Lambobi na hagu suna raguwa har sifiri, daga sifiri zuwa dama ja ne, in allura ta zauna a jan nan murya ta fashe. Ni kuwa a zaure na daidaita ta, tsohon yana zaune yana rerawa a hankali. Da muka je gayya a Maruta sai na ga ashe Maikuɗin zaure daban, na gona daban. Ganga ta cinye murya, guɗar Gwaggo Hajjo ta cinye gangar. Ranar na rubuta a littafina cewa wannan ba aikin malamin ofishin gona ba ne. Abin da ya fi damuna, tari ya matsa wa tsohon, ɗansa Salihu ne ma ke buga masa gangar yanzu, kuma ya riga ya ce daga gayyar gonarmu ta Fagam ya ajiye waƙa.

Kwana huɗu na yi ina gwaji bayan tashi daga aiki, Kubra na daka ina duba allura ina rubutawa. Na gano allurar tana da nawa: kafin ta ɗaga, bugun taɓarya ya riga ya wuce. Saboda haka ganga ba a barinta ta kai sifiri, a bakwai ake tsayar da ita, can ta hagu, murya ce ake bari ta matsa kusa da ja. Tunda makirfo ɗaya ne, nisa ne kaɗai maganin abin. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar gayyar Fagam na tsayar da Baba Maikuɗi a bakin gona daf da makirfo, 'yan amshi taku huɗu, Salihu da ganga taku shida. Saura Gwaggo. Da na roƙe ta ta matsa wajen tsamiya, ta ce shekara arba'in tana rangaɗa guɗa a kafaɗar makaɗi duk lokacin da aka ambaci ɗan'uwanta, ba ɗan da ta goya ne zai kora ta gindin bishiya kamar akuya ba. Ka kuwa san ba a kirarin mahaifinmu babu guɗarta. Ban yi gardama ba, na dai ce ta zo ta ga allura. Salihu ya buga, allura ta tsaya a tsakiya. Na ce ta gwada. Tana buɗe baki allura ta yi tsalle ta manne a ƙarshen ja. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wa Salihu ya ji kunya, ƙarfen Bature ma ya shaida tsohuwa ta fi gangarsa. Da kanta ta riƙa ja da baya tana guɗa ina duba allura, sai a taku na goma sha takwas allurar ta daina taɓa ja.

Na kwafe maka a kaset, idona na kan allura daga farko har ƙarshe, na kuma saurara sau uku don ka san halina na kokwanto. Wannan karon ban sami abin gyara ba. Za ka ji sunan mahaifinmu tar, kowace kalma ta kirarinsa ta fita, sannan guɗar ta taso daga nesa. Da na kunna wa Gwaggo ta ce haka ma ya fi dacewa, tunda wanda ake kiran ya yi nisa. Ta ce a faɗa maka kai ma ka yi nisa, amma kai mota na iya kawo ka.

Kaset ɗin na hannun Ɗanbala direba, zai taso ranar Laraba. Gwaggo Hajjo da Bappa da A'i suna gaishe ka, Kubra na gaida Zahara'u. Ka sa Baba Maikuɗi a addu'a.

Ni ne ƙaninka,
Abdulsalami.