Mai sayen gidan da na kawo yana neman lambar abokiyar dillancina

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ba ni shawara kafin Juma'a.

Ni dillalin gidaje da filaye ne a nan Tawa. Shekara uku da suka wuce na je duba wani gida da na rubuta lambata a bangonsa da gawayi, sai na tarar wani ya rubuta tasa a ƙarƙashi da shuɗin fenti, rubutu mai kyau kamar na malamar lakwal, wato makarantar boko. Na kira a fusace, sai muryar mace ta amsa. Ni kuwa tun ina yaro littattafan soyayya ne abincina, jin muryar nan kawai na manta faɗan da na shirya.

Zan kira ta Rabi, ba sunanta ba ne. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya biyu, ta girme ni da shekara uku. Kusan shekara guda muna kishiyantar juna, in na kai mai saye na tarar ta riga ni wajen masu gida, in ta samu gida ta rasa mai saye. Dalili kuwa, ita mace ce, tana shiga har ɗakin tsofaffi, tana jin labarin gidan gado tun kafin magada su gama shawara. Ni kuma 'yan ƙasarmu da ke Abijan da Libiya ni suka sani, ina ɗaukar musu bidiyo su saya daga can.

Ita ta fara zuwa rumfata ta ce mu daina ɓata wa juna lokaci, ita ta kawo gida, ni in kawo mai saye, mu raba la'ada. Muka yi sharaɗi ɗaya a gaban wani dattijon dillali, aka shafa fatiha: ba na neman masu gidanta a bayan idonta, ita ma ba ta karɓar lambar mai sayena, ba na ba da tata. Wallahi tun daga nan Allah ya buɗa mana, har na sayi babur, ita ta mayar da ɗiyanta makarantar kuɗi.

Matsalar ita ce ni ban tsaya a dillanci ba. Duk gidan da muka shiga aunawa, tana riƙe da bakin igiya tana faɗin mita, ni ina can ina tsara inda za mu sa gado da inda za ta shanya tufafi. Ban taɓa faɗa mata ba. Ina jiran irin ranar nan da ake rubutawa a littattafai, ruwa ya tsare mu a zaure, ta dube ni ta gane da kanta. Ita kuwa ƙanena take ce mini, in na tsaya ina kallonta sai ta ce, "Ƙanena, yunwa ce ko rana? Ja igiya mu tahi."

Watan jiya ta samo wani gida a hanyar Afala, ɗaki uku da itacen bedi a tsakar gida. Na tura bidiyon ga wani Alhaji ɗan Bambeye da ke da shaguna a Abijan, ya ce ya saya. Ashe a cikin bidiyon Rabi ta gifta tana buɗe taga tana dariya. Bayan kwana biyu ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce matarsa ta rasu bara, ya tambaya an ce masa Rabi mutuniyar kirki ce, yana son in ba shi lambarta, kuma in zama ɗan aikensa tunda ni na san ta.

Na ce masa muna da sharaɗi, ba ma musayar lamba. Wannan gaskiya ne. Da ya matsa, ya ce ai ba ciniki zai yi da ita ba, sai bakina ya ce an riga an kai mata goro. Wannan ƙarya ce. Ya ce Allah ya sa alheri, ya ce duk da haka zai zo ya karɓi makulli ya yi mata murna.

Juma'ar nan zai sauka, kuma dole mu haɗu mu uku a meri, wato ofishin magajin gari, wajen sa hannu. Shekaranjiya muna dawowa daga gidan, Rabi ta ce mini ta gaji da yawon rana, in Allah ya kawo mai hankali da zai riƙe mata ɗiya ba za ta ƙi ba. Ta ce in taya ta addu'a. Na ce amin, na kusa faɗawa rami da babur.

Alhajin mutumin kirki ne, na san shi, abin da zai yi wa ɗiyanta ni ba zan iya ba ko da shekara goma. In ta ji na rufe mata wannan ƙofa da fatihar da muka shafa don kare juna, na san Rabi, ba za ta yi faɗa ba, za ta karɓi makullanta ne ta tafi, kuma babu dillalin da zai ƙara yarda da ni a garin nan. In kuma na gyara maganar, da hannuna zan kai ta gidan da na auna.

Don Allah ku faɗa mini, wa zan fara kira, Alhaji in janye ƙaryata, ko Rabi in faɗa mata abin da na ɓoye shekara uku? In na faɗa mata ta ce mini ƙanena, ta yaya zan sake riƙe mata bakin igiya?