Ƙwayar Cutar da Nake Kora Tana Cikin Hancina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin hancina ya raba ni da aikina. Na san za ki yi dariya, ni ma da wata ce ta rubuto da na yi, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Bara na gama karatu, bana aka ɗauke ni a ɗakin tiyata na wani asibiti, kuma har yanzu ina matakin gwaji, ba a tabbatar da ni ba. A makaranta babu darasin da na fi so kamar na ƙwayoyin cuta, shi ya sa da na fara aiki na kasa ganin kuskure in yi shiru. In wani ya sauke takunkumi zuwa haɓa, sai na yi magana. In an bar ƙofar tiyata a buɗe ana cikin aiki, sai na je na rufe. Akwai ranar da na tuna wa mai ba da allurar barci, mutumin da a shekaru ya haife ni, cewa ya taɓa wayarsa sannan ya nufi hannun majiyyaci. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya je ya wanke hannu, ya dawo ya raɗa mini suna Hajiya Sabulu. Yanzu har masu gadi da shi suke gaishe ni. A gida ma ban tsira ba. Da gwiwar hannu nake tura ƙofar banɗaki, kuma yayana yana cewa duk wanda zai aure ni sai an fara dafa shi.

Ina da ƙawa a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin, tare muka yi makaranta. Wata rana lokacin hutu na leƙa wurinta na same ta tana shafa samfuri a kan farantan da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki. Kawai sai na ɗauki tsinken auduga na goga a cikin hancina, na ce ta shafa mini a faranti guda mu gani. Gaskiya akwai burga a ciki. Na ɗauka farantin zai fito fes, in samu abin yi mata gori. Bayan kwana biyu ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Na je na tarar da faranti cike da ɗigo-ɗigo masu ruwan zinariya, da kyansu kamar an yi musu ado. Ƙwayar da muke kira sitaf ce. Ƙawata ta ƙara wani gwaji, ta ce da alama irin mai taurin kan nan ce, wadda magungunan da aka saba bayarwa ba sa kashe ta. Amma ta ja mini kunne cewa gwajin bayan fage ne, sai an sake shi bisa ƙa'ida kafin a tabbatar.

Anti, karatun na san shi. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da sitaf ta gama-gari a hanci ba tare da tana yi masa komai ba, mai taurin kan ce ba ta da yawa. Lafiyata ƙalau, ko mura ba na yi. Na kuma san yawancin raunin tiyata da ke ruɓewa, daga fatar majiyyacin kansa ƙwayar take fitowa. Sai dai na san ɗaya hanyar ma: daga hanci zuwa yatsa, daga yatsa zuwa rauni. Ni ce fa nake yi wa mutane wannan wa'azin.

Tun daga ranar na zama wata iri. Takunkumi biyu nake sawa har bayan kunnuwana sun yi ciwo. Na daina magana a tiyata sai ta dole. A ɗakin shan shayi ina zama can gefen taga ina kallon bango. In hancina ya yi ƙaiƙayi sai in haɗe hannuwa a ƙirji in yi ta motsa fuska kamar zomo. Abokan aiki sun fara hasashe. Wasu sun ce saurayi ne ya yaudare ni, alhali ko saurayin ban da shi. Mai allurar barci ya ce tiyata ta yi masa shiru, shekaranjiya ma da gangan ya sauke takunkuminsa a baranda yana satar kallona ko zan tanka. Sista, shugabar ɗakin tiyatarmu, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko wani ne ya ɓata mini rai, ta ce in faɗa mata ko waye ta yi maganinsa. Na ce mata gajiya ce. Kunya ta kusa kashe ni, don matar nan tun zuwana take riƙe ni kamar 'yarta.

Ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Mako mai zuwa Sista ta sa ni, karo na farko, in wanke hannu in tsaya kusa da likita ina miƙa kayan aiki a tiyatar sauya ƙashin ƙugu. Tun da na zo nake mafarkin wannan rana. Majiyyacin wani dattijo ne, tela, ya zame a bakin shagonsa ya karye. Na je duba shi a ɗakin kwanciya, ya ce burinsa kawai ya koma taka keken ɗinkinsa, har ya auna kaina da tafin hannu ya ce zai ɗinka mini hular tiyata da ta fi wadda nake sawa, wai tawa kamar buhun gishiri. Ƙarfe za a sa masa, kuma in ƙwaya ta kama jikin ƙarfe magani ba ya isa gare ta yadda ya kamata. Wani lokaci sai an sake buɗe mutum an cire ƙarfen gaba ɗaya, ya yi watanni a kwance.

In na faɗa wa Sista, ina tsoron a ce ban dace da tiyata ba, a ƙi tabbatar da ni. Ina tsoron ƙawata ta shiga matsala saboda ta yi gwajin da ba a umarta ba. Ina kuma tsoron dariya, ba zan ɓoye miki ba. Na yi tunanin sayen man shafawa na hanci mai kashe ƙwayar a ɓoye, har na shiga kemis, na tsaya a gaban kanta, na ƙare da sayen man goge baki. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar. Anti, yaya zan yi?

Ƙanwarki mai takunkumi biyu

*

Ƙanwata,

Na yi dariyar, ba zan yi miki ƙarya ba, musamman wajen man goge baki. Amma da na gama sai na kira wata aminiyata da ta yi shekaru masu yawa a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya, don ni ba likita ba ce. Da abin da ta gaya mini da nawa tunanin zan ba ki amsa.

Ki faɗa wa Sista, kuma a wannan makon, tun akwai sararin sake tsara aikin dattijon nan cikin natsuwa.

Ban raina tsoronki ba. Mai matakin gwaji kullum a ɗarare take, kuma akwai wuraren aikin da mai gaskiya ke shan wahala. Sai dai aminiyata ta ce ɗauke da wannan ƙwaya ba laifi ba ne, ba kuma ƙazanta ba ce, ta ga likitoci manya da aka same su da ita. Abin da aka saba yi shi ne a sake gwajin bisa ƙa'ida. In ya tabbata, a rubuta man hanci da ruwan wanka na musamman na 'yan kwanaki, a sake dubawa, mutum ya koma bakin aikinsa. Wataƙila a janye ki daga wannan tiyatar, kuma na san zai yi miki zafi. Tiyatar ƙugu dai ba za ta ƙare a duniya ba, za a sake sa ki. Yana ma iya yiwuwa gwaji na biyu ya nuna ta gama-garin ce. Abin da shugaba ba ta mantawa shi ne ta gano daga baya cewa kin sani kika yi shiru, kika tsaya a kan buɗaɗɗen rauni.

Kada ki sayi magani da kanki. Ke kin fi ni sanin cewa shafa shi barkatai ne ke koya wa ƙwayar taurin kai, kuma ba za ki san ko ta tafi ba sai da gwaji. Ƙaryar rashin lafiya za ta fitar da ke ranar guda ce kawai, washegari hancin yana nan. Takunkumi na biyun ma ki sauke shi, kunnuwanki ba su yi miki laifi ba. Guda ɗaya da ya zauna daidai, da hannu mai tsabta da ba ya zuwa fuska, sun fi amfani.

Kafin ki je wurin Sista, ki fara sanar da ƙawarki, kada ta ji a bakin wani. Ki faɗi yadda abin ya faru: ke kika ɗauki tsinken, ke kika roƙe ta. In akwai faɗa, ki tsaya a gaba ki karɓi kasonki. A ganina ba zai wuce jan kunne ba.

Dariya kuwa, in labarin ya fita, za a yi ta, kuma mai allurar barci zai ja gaba. Sirrin lafiyarki ne, kina da haƙƙin roƙon Sista ta riƙe shi. Amma in kin zaɓi ki ba da labarin da bakinki, za ki ga gyaranki ya fi shiga kunnen mutane. An fi sauraron wadda ta ce mu duka muna ɗauke da abin da ba ma gani, har da ni, fiye da wadda ke nuna yatsa daga nesa. Kada ki daina gyaran, ki dai sassauta murya.

Dattijon nan zai yi barci a kan teburinku bai san sunan ƙwaya ko guda ba. Ya dogara ne da cewa duk wanda ya tsaya a kansa ya faɗi abin da ya sani. Gobe da safe, kafin ki canza kaya, ki ƙwanƙwasa ƙofar Sista. Allah ya ba shi lafiya ya tashi da ƙafafunsa, ke kuma ya tabbatar da ke a aikin da kike so.

Antinki