Jiƙon Inna da Hayaƙin Legas

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Legas? Ya mai ɗakinka da yara, ya kuma jikin Bashir? Mu nan Ƙaura lafiya lau muke, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Ka tuna lokacin kullen korona, da tarin Bashir ya lafa bayan Inna ta aika masa jiƙon sassaƙe? Tun sannan ba mai ja da jiƙonta a gidan nan. To jiya ɗiyata Hauwa ta zo hutu daga jami'a, ta nuna mana a wayarta hotuna biyu na sararin Legas da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. A na farko hayaƙin motoci ya rufe garin, an yi masa alama da ja. A na biyu, na lokacin kulle da motoci suka tsaya, jan ya dushe sosai. Ta ce wataƙila iskar ce ta ba yaron lafiya.

Na zaci Inna za ta ji haushi. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "To ai iskarmu ba sai an kulle kowa ba. A kawo mini jikana."

Tunda ka ce tarin ya dawo, don Allah ka turo shi hutun daminar nan. Na share masa ɗakin da ke nesa da murhu.

Ku sa mu a addu'a, Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida mutanen gida duka. Inna ta ce a gaya wa Bashir, jiƙon ma zai sha.

Yayarka,
Rabi