Bindigar da Verna ta saya mini

Lahadi, 8 ga Satumba

Verna ta yi mini abin da ban roƙa ba. Mun dawo daga coci na tarar da doguwar jaka a kan teburin cin abinci. Bindiga ce sabuwa fil, mai sakata irin tawa, sai dai ƙotarta ba itace ba ce, wani baƙin abu ne kamar roba. Da na ɗaga ta saura kaɗan in buga ta a rufi, don hannuna ya saba da nauyi. Har da madubinta na saiti ba ta kai laba shida ba. Tsohuwata ta haura tara.

Ta ce, "Bara da ka sauko daga dutse, riga ma sai da na sa maka. Ina da ido, Orrin."

Na ce na gode. To me zan ce? Tun da muka yi aure ko harsashi ba ta taɓa saya mini ba. Na kai ta kabad na jingine kusa da tsohuwar, na rufe.

Talata, 10 ga Satumba

Na kai ta shagon bindigogi na Ardis, inda muke taruwa shan kofi da safe muna ƙaryar farautar elk, ƙatuwar barewar nan ta dutse. Kowa ya karɓa ya jinjina, kowa da bakinsa.

Burl, wanda muke hawan dutse tare tun muna aikin yankan katako, ya ce, "Wannan ta sakace haƙori ce ko ta harbi? Tsoho, naushinta zai zubar maka da 'yan haƙoran da suka rage."

Wani direban motar katako ya ce shi yana da irinta, tun da ya saye ta dutse ya rage tsawo. Wani kuma ya ce ya sayar da tasa, harbi uku bututun ya ɗau zafi ta fara yawo. Ardis tana goge saman kantar shagon ta ce, "Wanda ya kai harbi na uku a kan elk, ba bindiga ce damuwarsa ba." Aka yi dariya.

Na karɓe ta na mayar cikin jaka. Ban so ta ba, amma ban ji daɗin yadda Burl ya yi mata ba'a ba. Verna ce ta zaɓa.

Asabar, 14 ga Satumba

Na je ramin da ake haƙar tsakuwa, don in daidaita saiti. Abin kunya. Harsasan sun warwatsu a takarda kamar an watsa wa kaji tsaba. Gicciyen cikin madubin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, rawa kawai yake yi. Tsohuwata idan na ɗora ta a kafaɗa zama take yi. Wannan kuwa numfashi ma motsa ta yake.

Ga naushi a kafaɗa idan ta tashi. Burl bai yi ƙarya ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Kafaɗa ta yi baƙi ƙirin. Ina sa riga da sauri kafin Verna ta shigo.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na mayar wa Ardis, na ce madubin ya kwance ko kuma bututun a karkace yake. Ta duba kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in biyo ta bayan shago. Ta zauna, ta ɗora ta a kan buhun yashi, ta harba uku. Murfin kwalba zai rufe ramukan.

Da ta miƙo mini, ba fuskata ta kalla ba. Hannuna ta kalla.

"Mara nauyi ba ta rufa wa kowa asiri, Orrin. Ka kwanta, ka ɗora ta a kan jaka. Kada ka harba a tsaye ko a durƙushe."

Na ce mata na kashe elk tun tana rarrafe. Ta ce ta sani. Da ta yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Talata, 1 ga Oktoba

Alƙalamin nan ya lalace, rubutu sai ƙanƙancewa yake yi. Kofi kuma ya zube mini a wando. Verna tana cika kofi har baki, na sha faɗa mata.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na yanke shawara da tsohuwar bindigata zan tafi bana. Na rataya ta na hau tudun bayan gida don in gwada ƙafa. Ko rabi ban kai ba. Na zauna a kan kututture ina haki, igiyar ta ci mini wuya, zuciya na bugawa har cikin kunne. Daga can ina hango Verna tana shanya, ta tsaya da riga a hannu tana kallon tudun. Na yi kamar ina ɗaure takalmi.

Shi ke nan. Sabuwar za ta tafi.

Litinin, 14 ga Oktoba

Mun kafa tanti a bakin rafi, wurinmu na kullum. Burl ya dafa wake da naman alade, ya ƙone kamar ko yaushe, ya ce laifin tukunya ne. Gwiwarsa ta kumbura, yana ɓoyewa. Kowa da abin da yake ɓoyewa a tantin nan.

Laraba, 16 ga Oktoba

Gaskiya ɗaya zan rubuta: hawa dutse da sabuwar bindigar daɗi. Na manta tana bayana. Na kai har ƙwanƙolin da na daina zuwa shekarun nan, na tsaya ina jiran Burl yana tafe yana zagina.

"Ɗan banza, ba ni aron tsinken nan, ka riƙe mini tawa!"

Mun ga sawun elk sabo da kashi mai ɗumi. Na ji kamar ina da shekara arba'in. Na yi niyyar in faɗa wa Verna idan mun koma.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta ba.

Da hantsi muka ga garken elk a ƙetaren kwari, mata suna kiwo, namijin yana bayansu, ƙato, wuyansa baƙi. Iska daga wajensu take bugowa, ba za su ji warinmu ba. Ba gudu suke ba, ba su san da mu ba. Lokaci akwai shi. Burl ya raɗa mini, "Kwanta, ga jakata." Na ture jakar. Na durƙusa yadda na saba tun ina saurayi.

Gicciyen ya tashi daga kafaɗar namijin ya tafi cikinsa, ya dawo, ya sake tafiya. Na riƙe numfashi, abin ya ƙaru. Na ga hannuna na hagu yana kaɗawa a ƙarƙashin bututun kamar ba nawa ba. A nan ya kamata in sauke ta. Na san haka a lokacin, ba yanzu na sani ba. Na ce bari in kama shi daidai sa'ad da ya ratsa kafaɗa. Na ja kunama.

Ƙarar da ta dawo ba ta ƙashi ba ce. Ya ƙudundune baya, ya tsaya. Na ja sakata, yatsuna suka kasa tura ta, harsashin ya faɗi a ciyawa. Kafin in ɗago ya shige kurmi yana tafiya a hankali, kai a ƙasa.

Jinin da muka samu baƙi ne, da ɗanyar ciyawa a ciki. A tumbi na same shi. Burl ya tsuguna ya duba, ya tashi. Mun ba shi lokaci ya kwanta, sannan muka bi. Wajen la'asar dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ƙanƙarar ta rufe komai. Ba jini, ba sawu. Mun zaga kurmin yini guda, Burl yana jan ƙafa. Na ce ya koma tanti, ya ce in rufe masa baki.

Namijin elk ɗin yana nan wani wuri da ransa, yana jin abin da na sa masa. Abinci ya ƙi shiga.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Hankaki ne suka nuna mana. Yana can ƙasan kwari cikin sarƙaƙiya, bai yi nisa da inda muka wuce shekaranjiya ba. Ƙasar gefensa duk ya ƙwaƙule ta da ƙafa, ya daɗe bai mutu ba. Nama ya lalace, wari tun daga nesa. Naman da zai ci da gida biyu har bazara.

Na ciro takardar izinin farautata, ta dabba ɗaya, na yanke ta da wuƙa. Nawa ne, na kashe shi, bana na gama. Burl ya ce in ɗauki ƙahon. Na ce in kai shi ina, in rataya a falo?

Muna naɗe tanti ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun bara nake ganin hannun nan, Orrin. Na ce ko sanyi ne."

Na ce bindiga ce ba ta da nauyi, shi ma da bakinsa ya faɗa a shago.

"Na faɗa. Wasa nake yi a lokacin."

Na ce ya kula da gwiwarsa ya bar mini hannuna. Muka loda mota muka kama hanyar gari.

Talata, 22 ga Oktoba

Verna ta wanke firiza tun kafin mu dawo, ta bar ta a buɗe tana jira. Ni na rufe ta.

Ta tambaya, na ce bindigar ce ta cuce ni, ba ta tsayawa a hannu, ba a yi ta don farauta ba. Ta ce, "To." Ta shiga ɗakin wanki ta daɗe. Ban ji injin ya tashi ba.

Ban faɗa mata maganar ƙwanƙolin ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ban je shago ba duk makon nan. Ƙanƙara, ruwa, ƙanƙara.

Laraba, 30 ga Oktoba

Burl ya koma dutse da surukinsa, sun samu elk. Ya ajiye mana cinya guda a baranda, bai ƙwanƙwasa ba. Verna ta soya. Na yanka da ƙyar, wuƙar tana ƙara a faranti, ita kuma ta ƙura wa nata farantin ido kamar akwai rubutu a ciki.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na leƙa wajen Ardis, man goge bindiga kawai na je saya. Burl na nan a kujerarsa. Ya tura mini kofi, rabi kawai ya zuba mini. Na ɗauka na sha.

Akwai wata mata a gaban kantar shagon, malamar jinya ce a asibitin gari, tana juya irin tawa a hannu. Ta ce bayanta ba ya ɗaukar mai nauyi, amma an ce mata waɗannan ba su da saiti. Ardis ta nuna ni da haɓa, ta ce ga mai irinta nan, ki tambaye shi.

Na ce mata tana da naushi, ta sa riga mai kauri. Ta kwanta, ta ɗora ta a kan jaka. Idan gicciyen ya ƙi tsayawa, ta sauke, dabbar ta tafi abinta. Ta ce, amma tana kai harsashi inda aka nuna mata?

Na ce, "Daidai inda aka nuna mata. Tawa ba ta taɓa kuskure ba."

Burl ya tashi wai zai duba tayar motarsa.

Jibi Verna za ta kai ni wajen likita, ita za ta tuƙa. Na ce mata kafaɗar nan ce nake so a duba. Ta ce to, kafaɗa.