Takardar da Aka Tsinta Ƙarƙashin Tabarma

Hillar Ladan, Jazira
3 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga yayata Bilkisu a Mai Wurno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Hashim da iyali. Mu ma lafiya lau, dawa ta yi kai.

Ban kira ki a waya ba don na san gidanki, magana ɗaya kunne goma. Zancen ɗana Tahir ne. Shekara huɗu ke nan yana Khartum, ya ce mini koyon malanta yake a jami'a. Da ya zo hutu na lura da hannunsa. Kan yatsunsa na hagu sun yi kanta, kuma ni manomi ne, na san kantar fartanya a tafi take fitowa. Alli ma ba ya yin haka. Yana zaune sai ki ga ƙafarsa tana ƙirga wani abu, bakinsa yana motsi, ba tasbihi ba.

Bayan ya tafi, Aishatu uwarsa ta ɗaga tabarmar ɗakinsa ta tsinci takarda. Layi biyar biyar ne an ja, an zuba musu baƙaƙen ɗigo kamar kashin awaki, wasu da wutsiya. A samanta, Yaya, sunana ne cikakke: Abdulmuttalib Alhasan. Na kai wa liman, ya juya ta ta fuska huɗu, ya ce wannan hatimi ba ya cikin littafin da ya sani, kada in ƙone sai an gane kansa. Ni dai tun ranar ban ci abinci ya zauna mini ba. Me na yi wa yaron nan da zai kai sunana wurin masu aiki?

Kwana goma sha biyu ya yi a gidanki kafin ya iso nan, abin da bai taɓa yi ba. Kin san wani abu. Don Allah ki faɗa mini.

Ƙaninki,
Abdulmuttalib

*

Mai Wurno
9 ga wata

Muɗɗalibi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun direban Sinnar, na karanta na yi dariya har Malam ya leƙo ya ga ko lafiya. Kai da liman kun taru kan takarda kamar kaji sun ga maciji!

Ba asiri ba ne, ka ci abincinka. Tahir nan ya zauna, yana bin tsofaffi da wayarsa, in mata suna daka ya tsaya kamar an dasa shi. Abin da ya gaya mini amana ce, ba ni faɗi. Ka tambayi ɗanka da kanka, ai kai ka haife shi.

Amma ni ma ina da tambaya. Tsoron asiri ne ya hana ka ci, ko kuwa ka ga ƙafar nan tasa tana ƙirge ka gane abin da take ƙirgawa? Na san ka tun kana rarrafe.

A gaida Aishatu da ɗiyata Sabah.

Bilkisu

*

Khartum
16 ga wata

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi, da Umma. Ka yi haƙuri da Hausata a rubuce, na fi sabawa da Larabci, amma na san wannan magana ba za ka so ta da Larabci ba.

Na yi maka ƙarya rabi. Takardar shaidar da zan samu tana ba ni damar koyarwa, wannan gaskiya ne. Amma kulliyar kiɗa nake, wato sashen koyon kiɗa na jami'a, tun shekarar farko. Kantar yatsuna ta tsirkiyar udu ce, wato garayar Larabawa. Takardar da Umma ta tsinta sunanta nota, haka ake rubuta kiɗa don kada ya ɓace, kowane ɗigo bugu ɗaya ne.

Sunanka yana sama ne don daga wurinka na ɗauko. In kana jiran ruwa a bakin tur'a, magudanar ban ruwan gona, kana buga ƙofar ƙarfen nan da yatsu, kullum bugu iri ɗaya, tun ina ƙarami nake ji. Shi na zaɓa ya zama aikina na kammalawa. Ustaz ya ce bai taɓa jin irinsa ba, kuma ba zai karɓa ba sai na kawo asalinsa. Shi ya kai ni Mai Wurno. Na buga wa wani tsoho mai suna Ali a kan ƙwarya, ya miƙe tsaye, ya ce, "Kai, ɗan wa kake? Wa ya ba ka wanga?" Da na faɗi sunanka sai ya koma ya zauna, ya ce bai san komai ba. Gwaggo ma da na tambaye ta sai ta aike ni sayen gawayi.

Baba, kowa yana ɓoye mini abu. Wata uku ya rage mini in gama. Ina roƙonka ka gaya mini daga ina ka samo shi.

Ɗanka mai neman gafara,
Tahir

*

Hillar Ladan
21 ga wata

Tahir,

Salam. Na ga takardarka. Da asirin ne ma da ya fi mini sauƙi, don shi ana karya shi.

Shekara huɗu ina gaya wa mutane a masallaci ɗana malami ne. Kakanka na wajen uwa limami ne, ka sani. Ba mu da maroƙi a dangi, ba kuma daga kaina za a fara ba. Ban san wani bugu ba, mutum in yana jiran ruwa hannunsa yana motsi, shi ke nan. Ka goge sunana daga wannan takarda.

Shukar alkama ta kusa. Ka tattaro kayanka ka zo ka kama aikin hawasha, gonarmu, kafin a zuba iri. In ba ka zo ba, to ka zaɓa.

Mahaifinka

*

Mai Wurno
27 ga wata

Muɗɗalibi,

Sallama dai na yi maka don wajibi ce. Tahir ya kira ni yana kuka, ƙato da shi. Ya ce ka rubuta masa wai ba mu da makaɗi a dangi. Ka iya rubuta haka da hannun da Baba ya riƙe ya ɗora a kan ganga?

Tunda ka manta, bari in tuna maka. Baba Alhasan shi ne makaɗin noma na ƙauyukan nan duka. Ranar gayya, ko lokacin tsinkar auduga, ba a fita sai an ji gangarsa. Kowane manomi da takensa, in ya ji nasa sai ya yi kamar zai cinye kunya ɗaya da fartanya. Ranar da ka fara riƙe fartanya, kana da shekara tara, Baba ya yi maka naka. Ni ina wurin, ina ɗauke da tulun ruwa, har haushi na ji don ni ba a yi mini ba. Shi ne abin da kake bugawa a ƙofar tur'a. Takenka ne.

Da ka ga Aishatu, mutanenta sunka ce ba su ba ɗan makaɗi ɗiyar liman. Kai ka shiga ɗaki ka ƙi ci, kamar yadda kake yi yanzu. Baba ya tashi. Ya sa wuƙa ya yanke fatar gangar, ya tafi ya ce musu ya bari. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya bai sake bugawa ba, kuma na ga yadda yake zama kan hannuwansa in an yi gayya. Ya yi haka don kai. Ban taɓa yi maka gori ba. Amma ya bari ne don ka yi aure, bai ce ka share shi daga dangi ba. Wannan kai ka ƙara, kuma yana ci mini rai tun tuni.

Kututturen gangar yana ɗakina, gyaɗa nake zubawa ciki. Tahir ya yi kwana goma sha biyu yana ɗiba yana ci, bai san abin da yake sa hannu ciki ba. Ban gaya masa ba, ba ni ce zan gaya masa ba.

Ya turo abin da ya buga a wayar Sabah. Ya ce ka saurara sau ɗaya. In ka rantse ba ka san shi ba, zai hau mota ya dawo, ya bar karatun. Ka ji tsoron Allah kafin ka rantse.

Yayarka

*

Hillar Ladan
2 ga Rabi'us Sani

Tahir,

Assalamu alaikum. Na karɓi wayar Sabah na tafi bakin tur'a na saurara, sau huɗu.

Ba daidai ba ne. A bugu na uku kana saurin shiga. Wurin nan ba a bugawa, ana jira fartanya ta sauka ƙasa tukuna. Wanda bai yi noma ba ba zai sani ba, ko da ustaz ne.

Alkama na sami mai taya ni. Ka biya Mai Wurno ka ce wa gwaggonka ta juye gyaɗarta ta ba ka abin da take zuba ta a ciki, ka taho da shi ranar Alhamis. Na sa mahauci ya ajiye mini fatar akuya. Uwarka ni zan yi mata bayani.

Sunan da ke saman takardar ka goge shi kamar yadda na ce. Ka rubuta Alhasan.

Mahaifinka,
Abdulmuttalib