Bashin Gida da Takalmin Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama? Mu lafiya lau.

Baban yara dai yana nan da haukarsa. Duk abin da ya samu sai ya ƙara kan biyan bashin gidan nan, wai mu gama da banki da wuri. Yana idar da sallah zai zaro waya ya duba saura nawa. Nama kuwa mun manta kamanninsa, amma kada Mama ta ji.

Jiya ya miƙo mini wayar yana washe baki: "Kin gani? Mun rage shekara guda!" Na miƙa masa takalmin auta, na ce ya leƙa ta hujin ko zai hango shekarar.

In kin samu mai zuwa, ki aiko wa yaron takalmi. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki