Wata Shidan Da Aka Ƙara Miki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Allah ya ƙara miki basira, ya tsare mana ke a inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma shago, Gwaggo kuwa kullum sai ta tambaya ko kina cin abinci, ko kin koma zaman biskit irin na lokacin jarrabawa.

Katantanwar bincikenki da kika bar mini a kwalabe bakin taga suna nan da ransu, sun ma hayayyafa har na ƙaro kwalba biyu. Kafin in hau keken ɗinki da safe sai na sauya musu ruwa, na yanka musu latas, da safar hannu kamar yadda kika koya mini. Ni dai ban taɓa jin tela ta koma kiwon katantanwa ba sai a kanki! Maigidana cewa yake sun fi shi gata. Wallahi Auta ba don su nake yi ba, tsayuwa a bakin tagar nan ce take sa in ji kamar aike kika je, yanzu za ki shigo.

To, sai maganar da kika yi mini a waya. Kin ce masu ba ki tallafin bincike sun yaba aikinki a kan cutar tsargiya, sun ƙara miki wata shida a ɗakin binciken, kuma in na ce ki dawo za ki dawo. Na yi shiru, kika zaci layi ne ya yanke. Ba layi ba ne. Ciki gare ni, Auta, wata biyar ke nan, bayan shekara tara muna jira. Watan haihuwar kuma ya faɗa daidai lokacin da muka sa ran dawowarki. Tun rasuwar Inna na ƙudurta a raina cewa ranar da zan shiga ɗakin haihuwa hannunki zan riƙe. Na ɓoye miki ne don na san halinki, a ranar za ki haɗa jaka.

Na yi kukana na share. Ban manta ba, sau uku kina cike takardun neman tallafin nan ana mayar da ke, har kika rame kika fita hayyacinki. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don haka ki karɓa. Gwaggo za ta raka ni asibiti, ta ma yi alkawarin ba za ta yi wa ungozoma faɗa ba. Kewarki kam tana cina, ba zan yi miki ƙarya ba. Abu ɗaya nake roƙonki: ranar da kika sa hannu a takardar ƙarin wata shidan kada ki kira ni, saƙo kawai za ki turo. In na ji muryarki zan ce ki dawo.

Ki gaida malamarki da abokiyar zamanki. Kawu, Gwaggo da maigidana duk suna gaishe ki.

Ni ce taki,
Yayarki